Idon Sawu: Kara, Siminti ko Ƙarfe

A Ruwan Godiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Faskari, mutum ba ya karaya a bar shi da ciwonsa shi kaɗai. Kafin kumburi ya gama tashi zaure ya cika, kuma nan take jama'a ke rabuwa biyu. Dattawa su ce a kira mai ɗori, ai asibiti ba su san komai ba sai yanka, ka shiga da ƙafa biyu ka fito da ɗaya, in ka taki sa'a a cusa maka ƙarfe ya riƙa yi maka sanyi har ka mutu. 'Yan boko su ce ɗori jahilci ne, a nemo mota a tafi Funtuwa. Mai ƙafar kuwa yana kwance a tabarma yana cije leɓe, ba wanda ya tuna da shi. Na yi jinyar goggona, na yi ta ƙanena, dukansu a idon sawu suka karye, kuma abin da na gani shi ne gardamar zauren nan ba ta ko kusanci zancen ba. Abin da ke raba karayar da ɗauri zai ishe ta da wadda sai an yi aiki yana can cikin gaɓar, inda ido ba ya kaiwa, yatsa kuma ba ya iya tantancewa.

Goggo ce ta fara. Da damina ne, santsin bakin rijiya ya kwashe ta, ƙafar hagu ta lanƙwashe ciki. Ta tashi da kanta, ta ɗauki guganta ta ɗingiso gida. Tunda tana takawa, kowa ya ce targaɗe ne, aka murza mata man zafi aka ɗaure da ɗankwali. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta yi suntum, baƙin jini ya sauko har wajen yatsu, in ka taɓa tudun ƙashin nan na waje sai ta yi salati.

Wannan magana ta "tunda yana takawa bai karye ba" ta cuci mutane da yawa. Likitocin birnin Ottawa na ƙasar Kanada sun fitar da wata ƙa'ida a 1992 wadda har yau ake aiki da ita: in mutum ya kasa yin taku huɗu, ko kuwa aka danna bayan tudun idon sawu ko tsininsa ya ji zafi a kan ƙashin, a ɗauki hoto. Ɗaya daga cikin biyun ya wadatar. Goggo tana takawa, amma ta faɗa cikin na biyun.

A Funtuwa aka ɗauke ta hoto. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya ɗaga hoton ya nuna mana ƙasusuwa uku. Akwai babban ƙashin ƙwauri, wanda ƙarshensa shi ne tudun ciki. Akwai siririn da ke rakiyarsa ta waje, ƙarshensa shi ne tudun waje. Tsakanin tudun biyu akwai gurbi, a cikinsa wani dunƙulallen ƙashi ke zaune, shi ke karɓar nauyin jiki gaba ɗaya ya miƙa wa tafin ƙafa, jijiyoyi masu tauri kuma sun ɗaure su ta ko'ina. Da ya ga ba ta fahimta ba, sai ya ce, "Mama, ara mini awarwaron hannunki." Ya riƙe shi ya ce in aka datse shi wuri ɗaya yana nan a zagayensa, in aka datse wuri biyu ya rabu ke nan. Haka gaɓar take. Siririn ƙashin Goggo ya karye a ƙasa, wuri ɗaya, ɓangaren ciki lafiya lau, dunƙulallen yana zaune daram a gurbinsa.

"To aikin fa, ɗan nan?" in ji Goggo, don ta riga ta yi sallama da 'yan gida kamar mai tafiya Makka.

"Babu aiki, Mama. Siminti za mu sa miki, ki dawo bayan mako guda mu sake hoto mu ga ko ya motsa."

Bai motsa ba. Ta yi makonninta da siminti da sanda, aka cire, ta koma harkarta. Daga baya na karanta cewa a ƙasar Finland an yi bincike a kan mutum 247 masu irin wannan karaya da gaɓa ba ta goce ba, aka buga sakamakon a 2019. Wasu aka sa musu siminti mako shida, wasu mako uku, wasu kuma ɗan abin tallafe idon sawu kawai na mako uku. Bayan shekara guda, na mako ukun ba su kasa na mako shidan ba. Wato irin wannan karaya ita ke warkar da kanta, abin da take so a bar ta ta huta.

A nan zan faɗi abin da 'yan bokonmu ba sa son ji. Da mai ɗori aka kai wa Goggo, da wuya in ba ta warke ba, kuma da yanzu tana cikin masu rantsuwa da shi. Galibin karayar idon sawu ta tudu ɗaya ce, da yawanta kuma gaɓa ba ta gocewa. A kan irin waɗannan, da karayar hannun yara da ke miƙe kanta yayin girma, sunan masu ɗori ya ginu, kuma ba ƙarya suka yi ba, mutane sun warke a hannunsu. Matsalar tana cikin ragowar.

Ƙanena a cikin ragowar ya faɗa, kuma a lokacin da ya fi kowane muni. A ƙarshen watan Agusta na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin Jihar Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, wadda ita ce hanyarmu. Watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Da kakar shekarar ne ya ɗoro buhun masara a babur daga gona, yana sauri, don a lokacin ba mai bari la'asar ta yi masa sakaliya a daji. Taya ta faɗa zaizayar ruwa, babur da buhu suka danne masa ƙafar dama. Da aka kawo shi gida, gwiwa na kallon gabas, tafin ƙafa na kallon kudu.

Ba waya, ba mota, magariba ta kawo kai. Duk wanda ya ce a wannan dare a kama hanyar Funtuwa bai san garin ba. Aka kira mai ɗori, wani dattijo da ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa. Ya yi bismilla, ya yi tofi, ƙarti suka danne yaron, ya kama diddige ya ja, ƙafar ta koma kan hanya. Ya shafa man shanu, ya naɗe da tsumma, ya kewaye da saƙaƙƙen kara ya ɗaure tamau. Goro kawai ya karɓa, ya ce sauran sai yaro ya taka. Ba na yarda a zage shi a gabana. Janyo ƙafar da ya yi a daren nan shi ne abin da likita ma zai fara yi, domin gaɓar da ta goce in aka bar ta haka tana toshe hanyar jini, ƙashin kuma ya tokare fata har ta mutu.

Ɗaurin ne ya kusa jawo mana asara. Cikin dare yaron ya kasa barci, zafin ya wuce na karaya. Ya ce mini, "Yaya, taɓa yatsun nan, ni ba na jin su." Na taɓa, sun yi sanyi ƙalau, na haska tocila na ga sun fara duhu. Dokar ɗori ita ce ba mai taɓa ɗauri sai wanda ya ɗaura. Inna ba ta tsaya neman izinin kowa ba, ta ce, "Ku ba ni wuri," ta sa hannu ta sassauta igiyar. Kafin asuba jini ya dawo.

Dalilin a fili yake. Kumburin karaya yana ci gaba da hauhawa kwana biyu zuwa uku na farko. Kara da igiya ba sa buɗawa, nama kuwa yana ƙaruwa, sai jini ya rasa hanya. Sa'o'i kaɗan sun isa tsoka ta fara mutuwa, in aka kwana biyu a haka ƙafa ta ruɓe. Shi ya sa a asibiti ba sa zagaye sabuwar karaya mai kumburi da siminti, rabi suke sawa ta baya su naɗe da bandeji, su ce a ɗora ƙafar a kan filo. Kuma daga nan ne maganar "asibiti yanke ƙafa suke yi" take samun shaidu. Ba a kai musu mutum sai ƙafa ta yi baƙi tana wari, su yanke don su ceci rai, labari ya dawo gari cewa sun yanke, na gaba ya ƙara jin tsoron zuwa da wuri.

Ko da yake tsoron yana da asali. Akwai zamanin da likitoci da gaske wuƙa ce maganinsu na farko. A 1756 wani babban likitan tiyata na London, Percivall Pott, ya faɗo daga doki, ƙashin ƙafarsa ya karye har ya huda fata. Ya hana a jefa shi cikin keken doki, ya sa aka sayo ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi a kai. Abokan aikinsa sun shirya yanke ƙafar, tsohon malaminsa Edward Nourse ya zo ya ce a dakata. Ƙafar ta warke. Har yau akwai nau'in karayar idon sawu da likitoci ke kira da sunan Pott, saboda rubutun da ya yi a kanta bayan haka.

Ƙanena ya yi watanni kafin hanya ta yi sauƙi mu kai shi Zariya. Ƙashi ya kama, yana takawa da sanda, mutanen gari har sun fara yi wa dattijo barka. Amma ƙafar ta karkace waje, kuma duk yamma sai ta kumbura. Hoto ya nuna tudun biyu ne suka karye, na ciki da na waje, kowanne ya haɗe a inda ya ga dama, dunƙulallen ƙashin kuma ya zame gefe.

Zamewar a ido ba ta taka kara ta karya ba, har na ce wa likitan wannan 'yar tazarar ce za a yanka mutum dominta? Sai ya ba ni labarin wani gwaji da likitoci biyu, Ramsey da Hamilton, suka buga a 1976. Sun gano cewa in wannan ƙashi ya zame waje da milimita ɗaya tak, wurin da yake haɗuwa da ƙashin ƙwauri yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari. Nauyin mutum bai ragu ba, wurin da ke ɗaukarsa ne ya tsuke, sai guringuntsin da ke shimfiɗe a gaɓar ya riƙa cinyewa, shi kuwa in ya tafi ba ya tsirowa. Ƙwauri in ya haɗe da ɗan lanƙwasa, mutum zai yi nomansa ya tsufa ba abin da ya dame shi. Gaɓa ba ta yafe wannan. Milimita ɗaya kuma, a ƙarƙashin kumburi, babu yatsan da zai ji ta, ko na mai ɗori ko na farfesa.

Da sabuwa ce, in ji likitan, aikin mai sauƙi ne: a buɗe, a mayar da kowane ƙashi mazauninsa, a ɗora ɗan faranti na ƙarfe a na waje, a ɗaure na ciki da ƙusoshi masu zare. Wannan salo wata ƙungiyar likitocin ƙasar Suwizalan da aka kafa a 1958 ce ta tsara shi ta yaɗa shi a duniya. Amma tunda ƙashi ya riga ya haɗe a karkace, sai an sake datse shi an gyara zama, kuma abin da ya lalace na guringuntsi ya lalace. Aka yi masa allurar baya aka yi aikin. Ƙarfen da magunguna duk mu muka saya. Bijimin da muke turkawa ya tafi, da rabin masarar da ta jawo abin.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ƙarfe shi ne ƙarshen wahala. Idon sawu ba shi da nama, fata ce a kan ƙashi, kuma jini bai wadace ta ba. Ɗinkin ƙanena ya ƙi kamewa ta waje, ya yi ta tsattsafo da ruwa makonni, muna wankin ciwo a gari mai ƙura, asibitin da ya yi aikin kuma yana nesa. Yana ɗan shan taba, likita ya ce ko ya bari ko ya haƙura da ƙafar, don taba tana hana ciwo da ƙashi kamawa. Mai ciwon suga ma haka, ko fiye. Tsoho mai rarraunan ƙashi kuwa, wani lokaci ƙusar ba ta samun abin riƙewa.

A Birtaniya an gwada aiki da siminti a kan mutum 620 da suka haura shekara 60, dukansu masu karayar da gaɓa ba ta da tabbas, aka buga sakamakon a 2016. Rabi aka yi musu aiki, rabi aka sa musu wani siminti mai lafewa a jikin ƙafa. Bayan wata shida, tafiyarsu da amfanin ƙafarsu ba su bambanta ba. Ciwon ɗinki da ƙwayar cuta sun sami kashi 10 cikin ɗari na masu aiki, masu siminti kashi 1. A ɗaya gefen kuma, kashi 15 na masu siminti ƙashinsu ya haɗe a karkace, masu aiki kashi 3, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu simintin daga baya sai da aka yi musu aikin, galibi don ƙashi ya zame. Kowane ɓangaren zaurenmu zai iya ɗaukar rabin wannan ya yi ta ɗaga murya. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yadda aka sa simintin: a ɗakin tiyata, an sa wa mutum maganin kashe zafi, likitan ƙashi yana gyara gaɓar yana kallon hoto, sannan a yi ta sake hoton a makonnin farko. Waɗanda suka zame, hoton ne ya kama su tun ƙashi bai haɗe ba. Ƙin yin aiki hanya ce mai kyau ga mutane da yawa, matuƙar ana kallon abin da ke ciki.

Akwai kuma abin da na ga likitocinmu ba su cika tambaya ba, alhali shi ne rayuwarmu. Bature yana zama a kujera, bayan gidansa ma na zama ne. Mu tsuguno muke yi a bayi, a gona, a bakin murhu, kuma sau biyar a rana muna naɗe ƙafar hagu mu kafe ta dama a zaman tahiya. Duk wannan idon sawu ne. Gaɓar da ta yi makonni a ɗaure, da kara ne ko siminti ko bayan aiki, tana sandarewa, kuma ba ta sakewa sai an tilasta mata. Goggo ta sha ruwan ɗumi da murza da lanƙwasawa kafin ta koma zaman salla sosai. Ƙanena an rubuta masa gashin ƙashi, wanda babu mai yin sa a kusa da mu, sai dai aka nuna masa motsin ya riƙa yi da tawul a gida. Batun ƙarfe yana sanyi da hunturu, yakan ce yana ji, wasu masu ƙarfen kuma sun ce mini ba sa jin komai. Cire shi ba dole ba ne, sai in yana damun fata ko ya kama ƙwayar cuta.

Bayan an sallame mu na ɗauki hoton farko na Zariya na kai wa dattijon nan, ba da niyyar faɗa ba. Ya fito ƙofar gida ya ɗaga shi sama wajen haske, na nuna masa wurare biyun. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe biyu ne. Wallahi ɗana, ɗaya na ji a hannuna." Na ce, "Baba, likitan ma da hannu kawai ba zai ji ba." Bai ce komai ba, amma ya tambaye ni nawa ake ɗaukar hoton a Funtuwa.

Ban ga dalilin da zai sa a mayar da irinsa abokin gaba ba. Hugh Owen Thomas, wanda Turawan Birtaniya ke lissafawa cikin iyayen ilimin ƙashi na zamani, ɗan gidan masu ɗori ne na yankin Wales, mahaifinsa ɗori yake yi a Liverpool, shi ya tura 'ya'yansa karatun likita. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana nan tun 1959, amma daga Ruwan Godiya zuwa Dala tafiya ce da kuɗi da kwanan baranda, mai ɗori kuwa yana bayan masallaci, yana zuwa cikin dare, yana karɓar bashi. Muddin haka lamarin yake, shi za a fara kira, ko an so ko an ƙi. Abin da zai yi amfani shi ne ya san waɗanda ba nasa ba: karayar da ƙashi ya huda fata, wadda ke bukatar wanki da allurar tetanus da maganin ƙwayar cuta a ranar; ƙafar da ta juya; da duk karayar da ta shiga gaɓa. Ya miƙe ta, ya tallafe ta sakwa-sakwa yatsu a waje, ya ce a je a kawo hoto da zarar hanya ta samu. Tsakanin mako na farko da na biyu gyara yana da sauƙi. Mu sai da watanni suka wuce.

Yanzu ƙanena yana noma, yana hawa babur, a sahun salla yakan nemi gefen bango don ya ɗan miƙe ƙafar. Hoton baya-bayan nan ya nuna gurbin gaɓar ya fara tsukewa ta waje, amosanin gaɓa ya soma shiga, ga shi bai kai arba'in ba. Likita ya ce in zafin ya kai inda magani ba ya riƙewa, akwai aikin da ake haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya, zafi ya tafi, amma lanƙwasawar idon sawun ta tafi tare da shi, tsuguno kuma sai dabara. Ya ce ya ji, a bari ya kwashe amfanin bana tukuna, ya ga yadda farashin masara zai kasance a kasuwar Sheme.